Daga Dogari Zuwa Ɗan Sanda: Waiwaye a Kan Tarihin 'Yan Doka a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin hukumomin da suka riƙe aikin tsaron doka a Arewacin Nijeriya, tun daga dogaran sarakuna, zuwa 'yan dokan En'e, har ya zuwa 'yan sandan Tarayya. Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu kuwa abu biyu ne. Na farko, mun lura a wajen koyarwa cewa ɗalibai da yawa sun ɗauka ɗan doka da ɗan sanda abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta, alhali kuwa runduna biyu ce da ta zauna kafaɗa da kafaɗa har tsawon shekara arba'in, kowace da ubangidanta da baitulmalin da ke biyanta. Na biyu, muhawarar da ta taso a kan ba jihohi ikon kafa 'yan sandansu ta sa masu goyon baya da masu suka duka suna kafa hujja da zamanin 'yan doka. Masu goyon baya suna tuna yadda ɓarawo ba ya kwana biyu a unguwa ba a san da shi ba. Masu suka kuma suna tuna yadda aka riƙa ɗaure 'yan hamayya. Dukansu gaskiya suka faɗa, sai dai kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a duk matakan nan uku an yi ta sauya tufafi da suna da mazaunin hedkwata, amma akwai tambaya guda da ba a taɓa ba ta amsar da ta gamsar ba, watau: idan mai tsaron doka ya yi kuskure ko ya yi zalunci, a gaban wa zai tsaya ya yi bayani? A ganinmu, wannan tambaya ce ta kashe 'yan doka, ita ce kuma ta hana 'yan sandan Tarayya samun amincewar da ake bukata.

2.0 Tsaron Doka Kafin Zuwan Turawa

Ba Turawa ne suka kawo aikin tsaron doka ƙasar Hausa ba. Tun kafin jihadi, har kuma bayansa, kowane babban sarki yana da dogarai a ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Su ne masu tsaron lafiyar sarki, su ne masu kamo wanda aka yi ƙara ya ƙi zuwa, su ne masu kai saƙo da sammaci, su ne kuma masu zartar da hukuncin bulala idan alƙali ya yanke. Yari yana riƙe da kurkuku, Hauni kuma shi ne mai zartar da hukuncin kisa. Sarakunan ƙofa suna lura da masu shiga birni da masu fita, su rufe ƙofa idan dare ya yi, Sarkin Kasuwa kuma yana sa ido a kan abin da ke gudana a kasuwa. Shugabannin jihadi sun ƙara wa wannan tsari ma'aunin shari'a. Alal misali, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Liya'ul Hukkami wanda ya rubuta a Kano, ya yi bayanin muƙaman da mulki ke tsayuwa a kansu, ciki har da alƙalanci da hisba.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mu riƙe game da wannan zamani. Na ɗaya, yawancin dogarai bayin sarki ne ko kuwa cucanawa. Hikimar wannan a fili take: bawan sarki ba shi da dangi masu neman sarauta, ba shi da wata madogara sai ubangidansa, saboda haka ba za a haɗa baki da shi a yi wa sarki tawaye ba cikin sauƙi. Na biyu, dogarai ba su da yawa, kuma ba su ne ainihin ginshiƙin zaman lafiya ba. Ginshiƙin shi ne tsanin nan da ya tashi daga maigida zuwa mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki. Baƙo ba ya sauka a gari sai yana da mai masauki, mai masaukin kuwa shi zai amsa tambaya idan baƙonsa ya yi ɓarna. Idan aka yi sata aka bi sawu ya shiga wani ƙauye, to, nauyi ya hau kan mai garin, ko dai ya fito da ɓarawo, ko ya nuna inda sawun ya fita. Sai abu ya gagari waɗannan kafin a ga jan rawanin dogari.

Ke nan jama'a da kansu su ne idanu da kunnuwan tsaro, dogari kuwa hannu ne kawai. Amma hannun na sarki ne. Talakan da dogari ya ci zalinsa ba shi da inda zai kai kuka sai wajen wanda ya aiko dogarin. Idan an yi dace da sarki adali, sai a share masa hawaye. Idan ba a dace ba, sai haƙuri ko ƙaura.

3.0 Asalin 'Yan Sandan Gwamnati

Tushen 'yan sandan Gwamnati daban yake, kuma daga bakin teku ya faro. A cikin 1861 Ingila ta mamaye Ikko, aka kafa 'yar ƙaramar rundunar masu gadi ta mutum 30. A cikin 1863 wani hafsan jiragen ruwa mai suna John Glover, wanda daga baya ya riƙe mulkin Ikko, ya fara ɗaukar Hausawa aikin ɗamara. Da yawa daga cikinsu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa, kuma sunan Hausa a nan ya haɗa duk mutumin Arewa da ke jin harshen. Wannan runduna ce ta bunƙasa har aka yi mata doka a cikin 1879 da sunan rundunar kwastabul ta Hausawa. Glover ya tafi da irin waɗannan mayaƙa yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, kuma Turawan Gwalkwas, watau Gana ta yau, su ma sun kafa tasu rundunar Hausawa a kan wannan salo.

Me ya sa Turawa suka zaɓi Hausawa su tsare Ikko? Dalilin bai yi nisa da dalilin da ya sa sarakuna suka zaɓi bayi ba. Baƙo ba shi da ɗan'uwa a garin da aka kai shi, ba ya jin nauyin kowa, ba zai ji tausayin da zai hana shi bin umarni ba. Saboda haka tun ranar farko an gina wannan runduna a kan ka'idar a sa baƙo ya tsare 'yan gari.

A gefe guda kuma, Kamfanin Neja, wanda ya sami izinin mulki daga Ingila a cikin 1886, ya kafa tasa rundunar ɗamara mai hedkwata a Lakwaja. Aikinta tsare cinikin kamfani da murƙushe garuruwan da suka ƙi ba da kai. Da Gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin ran 1 ga Janairu 1900, sai aka raba wannan runduna, mafi yawanta suka shiga soja, kaɗan kuma suka zama tushen 'yan sandan Arewa. Haɗa Kudu da Arewa da aka yi a cikin 1914 bai haɗa 'yan sandansu ba. Sai ran 1 ga Afrilu 1930 aka haɗa su suka zama Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya, mai hedkwata a Ikko, a ƙarƙashin Sufeto Janar na farko, C. W. Duncan.

4.0 Yadda Aka Haifi 'Yan Doka

Bayan cin Kano da Sakkwato a cikin 1903, Gwamna Lugga ya sami kansa da ƙasa mai faɗin gaske, ga ƙarancin ma'aikata, ga ƙarancin kuɗi. Wannan ne ya tilasta mulki ta hannun sarakuna. Da fari an gwada sa 'yan sandan Gwamnati a cikin masarautu, amma Razdan-Razdan da kansu suka yi ta kuka da su, domin baƙi ne, suna ƙwace, kuma ganinsu yana rage wa sarki kwarjini a idon talakawansa, alhali kuwa kwarjinin nan shi ne jarin da Turawa ke ci da shi. Tawayen Satiru na 1906 ya ƙara nuna wa Turawa cewa amincin sarakuna ya fi musu kowace runduna amfani, domin Sarkin Musulmi da hakimansa sun tsaya a bayansu a lokacin da suke cikin tsaka mai wuya. Saboda haka bayan tafiyar Lugga aka janye 'yan sandan Gwamnati daga manyan masarautu, aka bar su a barikoki da unguwannin Turawa da hanyar jirgin ƙasa da kuma wuraren da babu manyan sarakuna. Cikin birni da ƙauyuka aka bar wa dogarai.

Kafa baitulmalin En'e, wanda ya game masarautu daga wajen 1911, ya sauya matsayin dogari ƙwarai. A da yana ci ne daga kyautar sarki da abin da ya samu a wajen aike. Yanzu ya zama mai albashi, sunansa yana cikin kasafin kuɗi wanda Razdan ke dubawa. Sai dai duniya ta riga ta sauya fiye da yadda dogari zai iya riskarta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka cika Sabon Gari da Fagge, kuɗi suka yawaita, sata ma ta sauya salo. Ɓarawon da zai yi sata a Kano ya hau jirgi ya kwana a Zariya ya fi ƙarfin bin sawu. Daɗin daɗawa, Turawa sun ƙudura niyyar karya ƙarfin bayin sarki a fada, musamman a Kano, inda suke ganin sun yi kane-kane a harkar mulki.

Waɗannan dalilai ne suka sa a tsakiyar shekarun 1920 aka fara ware wata sabuwar ƙungiya daga dogarai, ana ɗaukar 'ya'ya maimakon bayi, ana ba su kaki da horon fareti, ana sa su sintiri. A Kano an fara kiransu 'yan gadi, daga baya sunan 'yan doka ya bi su ya game Arewa. Dogarai ba su ɓace ba, sai dai aikinsu ya koma na fada da rakiyar sarki da hakimai, kamar yadda muke ganinsu a hawan salla.

Matsalar da aka fuskanta ita ce, ɗan mutunci ba ya son aikin da aka san na bayi ne. Maganin da aka samo shi ne a ɗora ɗan sarki a kan rundunar, domin idan ɗan sarki ya sa kaki, babu wanda zai ƙara ce wa aikin na ƙasƙanci. A Katsina, Usman Nagogo, ɗan Sarki Muhammadu Dikko, ya zama shugaban 'yan doka a cikin 1929, ya kuma gaji mahaifinsa a cikin 1944. A Adamawa, Aliyu Mustafa ya shugabanci 'yan doka kafin ya zama Lamiɗo a cikin 1953. A Kano, Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka kafin a tura shi jakadanci Senegal, daga can kuma ya zama Sarki a cikin 1963. Wannan dabara ta ɗaga darajar aikin ba shakka, amma kuma ta ƙara ɗaure rundunar da gidan sarauta tamau. Ɗan doka ya fita daga bauta, amma bai fita daga fada ba.

5.0 Tsarin 'Yan Doka da Aikinsu Cikin Jama'a

Ya kamata a gane cewa ba a taɓa yin runduna guda ta 'yan dokan Arewa ba. Kowace En'e da tata, ita ke ɗauka, ita ke biya, ita ke kora. Ikon ɗan doka yana ƙarewa ne a kan iyakar En'ensa. Saboda haka ƙarfin runduna ya danganta ga ƙarfin baitulmali: En'e mai arziki irin ta Kano tana da runduna babba mai motoci da sashen binciken laifuffuka, ƙananan En'e-En'e kuwa wasu ba su wuce 'yan mutane kaɗan masu kulki ba. Muƙamai an kwaikwayo su daga soja: kurtu, da kofur, da saje, da samanja, har zuwa shugaba wanda ke amsa umarnin ɗan majalisar sarki mai kula da 'yan doka. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka fara aro hafsoshin 'yan sandan Gwamnati su zauna da manyan rundunonin a matsayin masu ba da shawara, daga baya kuma aka riƙa tura 'yan doka kwas a makarantar horon 'yan sanda da ke Kaduna.

Ayyukansu sun haɗa da sintirin dare, da tsaron kasuwa da baitulmali, da rakiyar kuɗin haraji da jangali, da kai sammacin alƙali, da kamo masu laifi, da tsare hanya ranar hawa. Yawancinsu ba sa ɗaukar bindiga. Ƙarfinsu yana cikin sani ne. Ɗan doka ɗan gari ne, yana jin harshen mutane, ya san gidan kowa, ya san tsofaffin ɓarayi da masu sayen kayan sata, ya san mahaucin da za a kai wa saniyar da aka sato. Mai unguwa da dagaci abokan aikinsa ne, domin tukunya ɗaya suke ci, ubangida ɗaya suke yi wa aiki. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan shi ne sirrin abin da dattawa ke tunawa idan suna yabon wancan zamani.

Amma wannan kusanci yana da ɗaya fuskar. A tsarin En'e, sarki da majalisarsa su ke naɗa alƙalai, su ke riƙe da 'yan doka, su ke riƙe da gidan yari, sarki kuma yana da kotunsa ta kansa, wadda a manyan masarautu take da ikon yanke hukuncin kisa. Ke nan mai kamu da mai shari'a da mai tsarewa duk daga gida ɗaya suka fito. Wanda ya saɓa da hakimi a kan gona ko haraji yana iya ganin ɗan doka a ƙofar gidansa, kuma duk inda ya juya a cikin tsarin, mutanen hakimin zai tarar. Ga kuma ƙarancin ilmi da ƙarancin albashi, waɗanda suka buɗe ƙofar karɓar na goro da dukan wanda ake tuhuma don ya amsa laifi.

6.0 'Yan Doka a Zamanin Siyasa

Wannan rauni bai fito fili sosai ba sai da siyasar jam'iyyu ta zo. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, kuma babban abin da ta sa gaba shi ne gyaran mulkin En'e. A cikin 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta zama jam'iyyar siyasa sosai, kuma mafi yawan shugabanninta ma'aikatan En'e ne da 'ya'yan sarauta. Saboda haka tun daga farko ɗan doka ya sami kansa a wani matsayi mai wuyar gaske: jam'iyya ɗaya ta iyayen gidansa ce, ɗayar kuwa tana neman rage ikon iyayen gidan nasa. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Hanyoyin da aka bi sanannu ne. Ba a yin lacca sai da izinin En'e, izinin kuwa yakan yi wuyar samu ga 'yan hamayya. Idan aka yi taro ba izini, 'yan doka su watsa shi. Idan mai lacca ya soki hakimi, a kai shi gaban alƙali da tuhumar zagi ko neman ta da husuma, kuma lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka ɗaure sau da dama, ita ce misalin da aka fi sani, amma akwai ɗimbin talakawa a ƙauyuka da suka sha ɗauri da bulala ba tare da sunansu ya shiga jarida ba. A ƙasar Tibi, inda jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka ke da rinjaye, ƙuntatawar En'e da 'yan dokanta tana cikin dalilan tarzomar 1960 da ta 1964. Adalci ne kuma mu faɗa cewa abin bai tsaya ga Arewa ba, domin Jihar Yamma ma tana da 'yan sandan ƙananan hukumomi, kuma an yi amfani da su ta wannan hanya, musamman a rikicin da ya biyo bayan 1962 har zuwa zaɓen 1965. Jihar Gabas ce ba ta dogara ga irin wannan runduna ba.

Tun kafin mulkin kai an hango wannan haɗari. Hukumar Willink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu a cikin 1957 da 1958, ta saurari ƙorafi mai yawa a kan 'yan doka, ta kuma goyi bayan a riƙe rundunar 'yan sanda guda ta Tarayya, a kuma shigar da ƙananan rundunoni cikinta sannu a hankali. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi wasu gyare-gyare, alal misali kafa Finalkod da dokar bin shari'ar laifuffuka waɗanda suka fara aiki a cikin 1960, amma ba ta yarda ta saki 'yan doka ba, domin tana ganinsu wani ɓangare ne na 'yancin Jihar.

7.0 Rushewar 'Yan Doka

Abin da 'yan siyasa suka kasa, soja suka yi shi da doka guda. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, Janar Ironsi ya sa dukan 'yan doka da 'yan sandan ƙananan hukumomi a ƙarƙashin umarnin Sufeto Janar. A wannan shekara aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Alhaji Yusuf Gobir don ya duba makomar 'yan doka da gidajen yari, kwamitin kuma ya ba da shawarar a haɗe su da na Tarayya. Gwamnatin Janar Gowon ce ta zartar. Ƙirƙiro jihohi 12 a cikin Mayu 1967 ya rushe Jihar Arewa wadda ita ce garkuwar En'e. Daga 1968 aka karɓe kotunan alƙalai aka mayar da su ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, aka karɓe gidajen yari, aka kuma fara tace 'yan doka, waɗanda suka cancanta aka ba su horo aka shigar da su 'yan sandan Nijeriya a zamanin Sufeto Janar Kam Selem, sauran aka sallame su. Zuwa farkon shekarun 1970 an gama. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa binne En'e ita kanta. Tsarin Mulki na 1979 ya rubuta cewa ba za a kafa wata rundunar 'yan sanda ba bayan ta Tarayya, na 1999 kuma ya maimaita haka a sashe na 214.

8.0 Abin da Aka Samu da Abin da Aka Rasa

Ba ƙaramin abu aka samu ba. An raba mai kamu da mai shari'a, an daidaita horo da albashi, ɗan ƙasa kuma ya sami damar zama a kowane gari ba tare da tsoron hakimin da bai yi masa gaisuwa ba. Amma an yi asarar sani. Rundunar da ta gaji filin ita ce waccan da aka gina a kan ka'idar baƙo ya tsare 'yan gari. Ana iya kawo ɗan sanda daga nesa, ba ya jin harshen wurin, kafin ya san unguwanni an sauya masa wurin aiki. Mai unguwa da dagaci, waɗanda a da su ne idanun tsaro, an bar su ba iko ba albashin kirki. Umarni kuma ya koma can sama: sashe na 215 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Gwamna ikon ba Kwamishinan 'yan sanda umarni, amma ya ba Kwamishinan damar ya nemi a kai maganar gaban Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar. Talakan da aka zalunta a caji ofis, wanda a da yake iya zuwa ƙofar fada ya yi kururuwa, yanzu bai ma san inda ƙofar take ba.

Tarzomar Maitatsine ta Disamba 1980 a Kano ta nuna wannan giɓi ƙarara. Mutanen 'Yan Awaki sun daɗe da sanin abin da ke taruwa a unguwarsu, amma sanin bai zama mataki ba sai da abin ya fi ƙarfin 'yan sanda, aka kira soja. Tun daga nan jama'a da gwamnatocin jihohi suka yi ta ƙirƙiro abin da zai cike gurbin: ƙungiyoyin 'yan sintiri, da Hukumar Hisba wadda Kano ta yi wa doka a cikin 2003, da 'yan kato-da-gora da suka tashi a Maiduguri a cikin 2013, da rundunar Amotekun ta jihohin Yarabawa a cikin 2020, da rundunonin tsaron al'umma da Katsina ta ƙaddamar a cikin 2023, Zamfara kuma a cikin 2024. Wasunsu sun yi aikin da ya ceci rayuka. Amma abin da 'yan sa-kai suka jawo a Zamfara da maƙwabtanta, inda kisan da ba shari'a ya ƙara hura wutar gaba tsakanin manoma da makiyaya, ya isa ya tuna mana cewa ɗan gari mai makami wanda ba mai tuhumarsa ya fi baƙo haɗari, domin shi yana da tsohuwar gaba da zai rama. A ɗaya gefen kuma, zanga-zangar Oktoba 2020, wadda ta sa aka rushe sashen SARS, ta nuna cewa zaman runduna a hannun Tarayya bai hana ta cin zali ba. Ko da yake Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta tanadi kwamitocin haɗa kai da jama'a, shawara kawai irin waɗannan kwamitoci ke bayarwa.

9.0 Kammalawa

A cikin Fabrairu 2024 Shugaban Ƙasa da gwamnoni suka zauna suka amince a duba yiwuwar kafa 'yan sandan jihohi. Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci a kan haka, amma tarihin da muka bibiya yana da abin da zai faɗa wa masu yankewa. Dogari na sarki ne. Ɗan sandan farko na kamfani ne da Gwamna Bature. Ɗan doka na En'e ne, daga baya ya zama na jam'iyyar da ke riƙe da En'e. Ɗan sandan Tarayya na hedkwata ne. Kowannensu sama yake kallo idan zai ba da bayani, ba a taɓa yin wanda doka ta tilasta masa ya waiwayo ya yi wa mutanen unguwa bayani ba. Idan aka ɗauki rundunar da ke kallon Abuja aka mai da ita mai kallon gidan Gwamna kawai, to, an dawo da ɗan doka ne, an kuma ba shi bindigar da ba shi da ita a da.

Saboda haka muna ganin akwai sharuɗɗa huɗu da tarihin 'yan doka ya wajabta a kan kowace runduna ta gida. Na ɗaya, ɗauka da ƙarin girma da kora su kasance a hannun hukuma mai zaman kanta wadda mai mulki ba zai iya rushe ta da sanarwa ba. Na biyu, albashi ya fito ta hanyar da ba sai an roƙi mai mulki ba. Na uku, a nisanta rundunar daga ba da izinin taron siyasa da harkar zaɓe, domin a nan ne 'yan doka suka zubar da mutuncinsu. Na huɗu, a sami wurin kai ƙara a kowace ƙaramar hukuma, wanda talaka zai iya zuwa da ƙafarsa ya yi magana da harshensa, kuma wurin ya kasance yana da ikon hukunta mai kaki.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da manazarta. Waɗanda suka sa kakin 'yan doka, da waɗanda suka sha kulkinsu, 'yan kaɗan ne suka rage, kuma duk sun tsufa. Takardun En'e suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da gidajen tarihi na jihohi, da yawansu da Hausa aka rubuta su. Ya kamata mu tura ɗalibanmu su zauna da waɗannan dattawa, su kuma buɗe waɗannan fayiloli, kowa a masarautarsa, tun kafin a rasa masu ba da labarin. Allah ya sa mu dace.